Ranar da na ɗaga ƙwayar zuwa magariba

Da wuƙa aka ciro min 'yata, karo na biyu ke nan ana yanka ni. Ranar sallama likita ya dube ni, ya dubi maigidana, ya ce mahaifata ta yi siriri a wajen ɗinkin, in na sake ɗaukar ciki kafin shekara biyu tana iya fashewa. Haka ya faɗa, ba kwana-kwana. Aka ɗora ni kan ƙwayar tazarar haihuwa irin ta masu shayarwa.

Ni kuwa wajen shan magani ba a fi ni ba. Kullum ƙarfe shida da rabi na safe, ina layin bas a Kubwa zan tafi ma'aikatarmu, nake ɓallo ta in kora da ruwan leda. Wata takwas ban yi fashi ba.

Sai azumi ya kama. Na ce to, abu mai sauƙi, in mayar da ita bayan shan ruwa, tunda da asuba barci kan sha kaina. Ban tambayi kowa ba. Ni da digirina, ina ganin me za a gaya min? Ranar farko na haɗiye ta da kunun gyaɗa bayan magariba, har ina yaba wa kaina dabara.

Ran goma ga wata na je asibiti karɓo wata ƙwayar, na ba nas labari ina dariya. Matar ba Bahaushiya ba ce, Hausar Abuja take yi. Ta ajiye biro.

"Madam, wa ya ce maka ka canza lokaci?"

Ta ce irin wannan ƙwayar ba kullum take hana ƙwai fita ba, babban aikinta ta kaurara ruwan bakin mahaifa ya toshe hanya. In aka makara fiye da awa uku hanya ta buɗe, sai an yi kwana biyu ana sha kafin ta sake rufewa. Ni awa goma sha biyu na ƙara. Ta tambaye ni ko oga, wato maigidana, ya zo wurina a kwana biyun farko da na canza lokacin. Na sunkuyar da kai, don kuwa ya zo. Innalillahi! Wallahi ji na yi ɗinkin nan yana motsi a ƙarƙashin zanena. Ta ce gwaji ba zai nuna yanzu ba, in jira.

Jiran nan ban taɓa shan wuya irin tasa ba. Tsoro nake ji, tsoron mutuwa tsagwaronsa. In bas ta faɗa rami sai in dafe mara. Miyau ya taru a bakina in ce shi ke nan, alhali kowane mai azumi haka yake. Lokacin al'adata ya zo ya wuce shiru. Na je har Dutse Alhaji, inda ba a san ni ba, na sayi tsinken gwaji a kemis, na kasa buɗe shi. Ya yi ta yawo a jakata.

Maigida ban gaya masa ba, kunyar wautata ta hana ni. Sai na shiga koya masa abubuwa: yadda ake dama wa yarinya kunu kada ya yi gudaji, yadda ake gwada ruwan wanka da gwiwar hannu, inda katin rigakafinta yake. Yana yi yana tsokanata, wai na mayar da shi mai reno.

Ran ashirin da bakwai, bayan la'asar, ina shirin tashi daga ofis na shiga banɗaki, sai ga jini. Na jingina da ƙofa na fashe da kuka. Abokiyar aikina ta ji, na gaya mata al'ada ce ta zo, ta ce, "Ayya, sannu! Saura awa biyu a sha ruwa azuminki ya tafi. Ki yi haƙuri, kya rama." Na karɓi gorar ruwa na shanye tas a gabanta.

Da na isa gida na tarar da shi a tsakar gida ya naɗe hannun riga, yana tsoma gwiwar hannu a baho, yarinya na ta wutsil-wutsil a cinyarsa. Nan na zauna na gaya masa komai. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi da ya fi min sauƙi.

"Wato duk wannan koyarwar," ya ce, "sallama kike yi da mu, ni ina ta dariya?"