Bangon da Ke Fuskantar Teku

Usta Hulusi, wato gwanin kafinta Hulusi, ba ya fara aikin yini sai ya gaisa da sama. Da ya dawo sallar asuba zai tsaya a bakin ƙofarsa da kofin shayi a hannu, ya juya fuska wajen teku, ya dubi gajimare, sannan ya yi tsaki. Tsakin nan kullum sai ya yi shi, don a ƙauyenmu na saman tsaunukan Rize a ƙasar Turkiyya, ranar da ba a yi ruwa ba shirin yi ake. Daga nan zai rataya zarto a kafaɗa, ya soke guduma a ɗamara, ya cika aljihu da ƙusoshi, ya gangara ta cikin gonakin shayi zuwa gidan da ke jiransa. Matarsa Saniye kan biyo shi da ƙunshin burodin masara da cuku tana faɗa: "Tsoho, hularka! So kake ka dawo mini da tari?" Shi kuma ya miƙa hannu baya ya karɓa, ko waiwayowa ba ya yi.

Haka na tashi na gan shi, haka ya ci gaba har furfura ta cika mini kai. Bana ya ajiye guduma, don hannun ya soma rawa, ba ya iya riƙe ƙusa. Ba a yi taro ba, ba wanda ya miƙe ya ce masa an gode. Abin ya tsaya mini a rai, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Aikinsa guda ne, sauya wa gida riga. Gidajenmu na katakon kestane ne, wani itace mai ƙwari da ke tsaunukanmu, kuma kowane gida yana da bango ɗaya mai shan duka, wanda ke fuskantar teku, inda iska ke watso ruwa a karkace. Can katako ke fara yin baƙi, ya yi laushi, rima ta shiga ɗaki ta kama shimfiɗa, ta kama ƙirjin tsofaffi. Usta Hulusi kan cire ruɓaɓɓen ya jera sabo daga ƙasa zuwa sama, kowane katako yana rufe kan na ƙasa da shi, yadda ruwa zai zame ya wuce. Ba ya buɗe wurin da ba zai iya rufewa kafin la'asar ba. Kuma ko za ka yi birgima a gabansa, ba zai kafa katakon da ba a sare shi da hunturu lokacin da wata ke raguwa ba, aka bar shi shekaru a ƙarƙashin rumbu yana shan iska. "Ɗanyen katako munafuki ne," in ji shi. "Yau ya rungumi ɗan'uwansa, baɗi ya sake shi."

Kada ku ɗauka mutum ne mai daɗin baki. Ni kaina ya taɓa soka wuƙa a bangona, ta shige kamar a cuku, ya dube ni a gaban mutane ya ce, "Malam mai karatu, gida kake ajiyewa ko gonar laimar kwaɗi?" Na ji haushi ƙwarai. Amma kafin mako ya zagayo yana kan tsani a bayan ɗakina, ruwa na bin gemunsa, ni ina ciki kusa da murhu.

Kai ne mai rufa wa gidaje asiri, Usta. Mun kwana a bushe a bayan aikinka, muka tashi muka manta da kai, don bango mai kyau ba ya sa a tuna da wanda ya kafa shi.

Ƙauyen ya lalace a gaban idonsa, wannan shi ne abin baƙin cikin. Matasa sun gangara birni, gidaje sun rufe ɗaya bayan ɗaya. Da safe in ka tsaya a masallaci ka dubi gangare, hayaƙin murhun da ke tashi bai taka kara ya karya ba. Wata cuta kuma ta shiga itatuwan kestane, suna bushewa a tsaye daga sama, ga masu saran sun ƙare. Ajiyar katakon Usta ta yi ta raguwa har ya zama sai ya juya kowane guda sau biyu kafin ya sa masa zarto.

Ana cikin haka ne maganar Makbule ta taso, a kakar bara.

Makbule tsohuwa ce da mijinta ya rasu, tana zaune ita kaɗai a gidan da ke can ƙarshen ƙauye, inda daga tagarta ana hango maƙabarta. Tari ya kama ta tun bazara ya ƙi saki. Ɗanta Jemil ya zo daga Istanbul, ya shiga ɗakinta ya taɓa bango, hannunsa ya fito a jiƙe. Yaron kirki ne, wallahi, tsoro ne ya kama shi. Ya ce sai ta bi shi.

"Inna, haɗa kayanki. Ɗakin nan kashe ki zai yi."

"In ya kashe ni ai ba nisa," in ji ta, tana nuna taga. "Ga ubanka can. Can naku fa? A ɗora ni a hawa na sama kamar kajin rumbu, in mutu a binne ni cikin baƙi?"

Suka yi ta ja har Jemil ya yanke magana: in aka gyara bangon kafin dusar ƙanƙara ta sauko, zai bar ta. In ba a gyara ba, zai dawo da mota, ko tana kuka sai ta shiga. Da ya tafi, Makbule ta dogara sanda ta hau har gidan Usta Hulusi, tana tsayawa a hanya tana tari.

"Hulusi, ba gida nake so ka gina mini ba. Hunturu ɗaya nake nema."

"Yaya Makbule, da ke da bangon nan ban san wanda ya fi tsufa ba."

"To ka gyara wanda ke gyaruwa."

Ya je ya auna, ya ga abin da ya rage masa zai kai, da ƙyar. Ya fara aiki. Ruwan kaka kuwa ya ce bismillah, kullum sai an yi, yana aiki da buhun leda a kai. Ya yi rabin bango lafiya. Da ya iso ƙarƙashin tagogi ya cire katako na farko, sai ya ja da baya ya yi salati. Ruɓar ta ci har ginshiƙin da ke ciki, baƙi ƙirin, yana marmashewa a hannu. Dole ya sauya ginshiƙin, kuma nan katakonsa ya tafi. Ya rage tsakanin tagogi da ƙarƙashinsu a buɗe, ba abin rufewa sai leda. Aka aika gari, aka ce ɗanye kawai ake da shi. Washegari da hazo ya ɗaga, kawunan tsaunuka sun yi fari.

Duk dattijon da ya san ciwon kansa a nan yana da katakon kabarinsa a ajiye, gajeru masu kauri, waɗanda ake jinginawa a kan mamaci don kada ƙasa ta faɗa masa. A ƙasarmu mai ruwa, in aka sa na banza, kafin shekara kabari ya lotsa. Na Usta Hulusi da na Saniye suna ƙarƙashin rumbunsu tun shekarar da suka aurar da autarsu. Shi ya sare itacen da hannunsa, ya zaɓi tsakiyarsa, ya goge kowane guda har yana sheƙi. Duk kaka sai ya sauko da su ya juya su ya mayar. Muna yi masa ba'a cewa ya fi kula da gidan can fiye da na nan, shi kuma ya ce ai can zai fi daɗewa.

Saniye da bakinta ta ba ni labarin safiyar. Ta fito da bokitin madara ta tarar da shi a durƙushe yana jawo katakon kabarin daga ƙarƙashin rumbu.

"Tsoho, lafiya? Wa ya mutu?"

"Ba wanda ya mutu. Gajeru nake nema, tsakanin tagogi."

Ta ajiye bokitin. "Ka haukace ne? Shekara nawa kana lallaɓa su? Ina za ka sami wasu, da wane hannun? So kake a rufe ka da katakon akwatin tumatir?"

"Nawa na ɗauka, ban taɓa naki ba."

"Matar da ƙafarta ɗaya ke kabari!"

"Shi ya sa ba za ta iya jira ba. Ni zan iya."

Ta ce ta zage shi tas, ta shiga ɗaki ta bugo ƙofa, ranar ko burodi ba ta bi shi da shi ba. Ya ɗaure katakon a baya ya tafi.

Ina wurin ranar, don na je riƙe masa tsani. Ya tsaga kowane katako biyu da zarto don ya auku, yana yi yana hutawa, numfashinsa na fita kamar hayaƙi. Makbule ta leƙo ta taga ta dubi katakon, ta dubi tsawonsu, ta gane. Ta buɗe baki za ta yi magana, ya daka mata tsawa: "Yaya, rufe tagar nan, kina shigar da sanyi!" Ta rufe. Na ji kukanta ta bayan bango, shi kuma ya ƙara ƙarfin guduma.

Bayan azahar katakon ya ƙare, saura ƙarƙashin taga ɗaya. Iska ta juya, ruwan ya fara haɗuwa da ƙanƙara. Usta ya zauna a kan dutse ya zuba wa wurin ido. Ban taɓa ganinsa haka ba, kuma tausayinsa ya kama ni har na rasa inda zan sa idona.

Sai ga mutum na gangarowa ta cikin shayi, a duƙe, da kaya a baya an ɗaure da igiya ta ƙirji, yadda matanmu ke ɗauko kwandon ganye. Saniye ce. Ta iso ta kwance igiyar, katakon ya zube a gabansa.

"Saniye, naki ne fa."

"Na sani, ai ba makauniya ba ce ni. Ba zan kwanta a rufe kana gefena a buɗe ba. Tashi ka gama, ruwa na dukana." Ta ciro ƙunshi daga zaninta ta jefa masa a cinya. "Ga burodinka, tsohon banza."

Kafin magariba bangon ya rufu. Da Jemil ya zo, dusar ƙanƙara ta kai gwiwa. Ya shiga ya taɓa bango ya ji shi a bushe, ya kwana biyu, ya koma da motarsa babu kowa a kujerar baya.

Hunturu ɗaya Makbule ta nema, shi kuwa ta samu. Ta rasu ana gab da fara yankan shayi, a kan gadonta, ɗakin da ɗumi, tagar na kallon inda take so. Muka kai ta gefen mijinta. Yanzu gidan a kulle yake, bangon da ya fi kowane kyau a ƙauyen yana tsare ɗakin da ba kowa a ciki. Duk lokacin da na wuce sai zuciyata ta yi nauyi.

Bayan sadakar bakwai Jemil ya ji labarin katakon. Ya zo gidan Usta idanunsa jajur, ya sumbaci hannunsa ya ɗora a goshi.

"Baba Hulusi, gobe zan ciro su in dawo maka da su. Gidan ai ba kowa."

"Ka taɓa ƙusa ɗaya ka gani," in ji Usta. "Bangon uwarka za ka yi wa tsirara? In kana son biyana, ka riƙa zuwa kana hura wuta a murhun nan, in ga hayaƙi daga nan inda nake zaune. Ni ƙasa za ta karɓe ni da katako ko babu."

Faɗa kawai yake yi. Na sha ganinsa da yamma yana zaune yana kallon ƙarƙashin rumbun, inda babu komai sai kaji.

Kai ne wanda ya cire rufin gidansa na ƙarshe ya rufa wa maƙwabciya, Usta Hulusi. Ke ma Saniye, mai faɗa da baki, mai kyauta da gadon baya, wannan gaisuwar taki ce. Mun gode. Allah ya rufa muku asiri duniya da lahira yadda kuka rufa wa Makbule.

Ku kuma 'yan ƙauyenmu da ke birni, da ku nake. Babu ɗayanku da bai kwana a bayan katakon mutumin nan ba. Akwai sauran kestane mai lafiya a saman kwarin da gidan niƙa yake, na je na gani da idona. Hunturun nan, in wata ya fara raguwa, za mu yi gayya mu sare shi, Jemil ya ce zai zo da gatari. Kada wani ya aiko mini da saƙon fatan alheri, ƙafarku nake so in gani a cikin ƙanƙara.

Na je na gaya wa Usta wannan shiri, ina tsammanin zai yi murna. Ya dubi hannuwansa a kan gwiwa, sannan ya ce, "Ka san fa sai ya yi shekaru kafin ya bushe."

Na sani, Usta. Kai ka koya mana cewa ba a yi wa katako gaggawa. To don Allah, kai da Saniye, ku jira shi.