Mai Walda a Ɗakin Awon Ƙwaƙwalwa

Wani dattijo yana zaune a ɗakin da ake auna maganaɗisun ƙwaƙwalwa, kansa cikin ƙatuwar hular na'ura, an rufe masa ƙofa mai kaurin bango. Hannuwansa duk tabon tartsatsi ne, da gani mai walda ne. Ya cire agogo da zobe, an ce kada ya motsa. Wataƙila yawan faɗuwa ne ya raba shi da aiki, yake jiran awon nan ya nuna tushen ciwon.

Ma'aikaciyar da ke kula da na'urar tana magana daga waje ta lasifika: "Baba, har yanzu na'urar tana jin ƙarfe a jikinka. Ya hana mu ganin komai."

Idanunsa kaɗai yake juyawa.

"'Yata, shekara talatin ƙarfe yana shiga fatata. Ta ina za ki fara cirewa?"