Rana a Gidan Mai Wanki

Farfesa muke ce masa a layinmu, don shi kaɗai ne mai wankin da ya taɓa zama a ajin babbar makaranta. Yana tsakiyar karatun haɗa magunguna mahaifinsa ya rasu, ya bar masa baho uku, dutsen guga na gawayi, igiya huɗu a tsakar gida, da Inna, wadda idonta ya riga ya tafi. Makarantar ta ce za ta riƙe masa gurbinsa shekara biyu, in ya ci jarrabawar komawa. Ya ce zai koma.

Ni gwanjo nake sayarwa, katanga ɗaya ce tsakaninmu, shi ke wanke min kaya. Watansa na farko abin tausayi ne. A makaranta ƙararrawa ke tashinsa ta zaunar da shi, a gida ba mai kaɗa masa komai. Sai hantsi ya dubi ludayi yake miƙewa, ya jiƙa kaya da la'asar su kwana a ruwa. Na ba shi riguna goma sha biyu, ya dawo min da sha ɗaya da rabi, don ta ƙarshe dutsen guga ya cinye bayanta.

Na ce, "Farfesa, wannan darasin a aji nawa ake koyar da shi?"

Ya sunkuyar da kai. "A yi haƙuri, Yaya. Yinin ne na rasa ta inda zan kama shi."

Inna ta jiyo mu daga ɗaki. "Ubanka bai taɓa ɗaura agogo ba. Kai, ɗauko kujera ka ajiye ni jikin bangon yamma."

Daga ranar Inna ta zama ƙararrawarsa. Da asuba yana kan baho. In ta ji ɗumin rana a yatsun ƙafarta sai ta ce, "Farare!" ya shanya fararen kaya a igiyar farko. In ɗumin ya hau gwiwarta, masu kauri. In ya kai fuskarta, ya mai da ita inuwa, ya juya masu launi ciki waje ya rataya a igiyar ƙarshe, don kada su koɗe. Daga nan har kaya su bushe ba aikin hannu, nan ne lokacin littafi: ya kifa baho ya zauna yana karantawa da ƙarfi, Inna tana tsokanarsa, "Wannan sunan magani ne ko zagi?" La'asar guga, kafin magariba ya ɗaure kaya a keke ya rarraba. Daga gida biyar ya kai gida goma sha tara. Maɓalli ɗaya bai ƙara ɓata min ba.

Sai aka sayi filin gabas aka fara bene. Hawa na farko ya cinye ranar ƙafar Inna. Na biyu ya cinye ta gwiwa. Da aka ɗora na uku, rana sai tsaka take leƙowa, ta wuce kamar mai tsoron a ba ta aiki. Farare suka fara warin danshi, gidaje suka fara janyewa.

Na ce masa ba zama, akwai fili bayan tashar mota. Ya bi shawarata. Kullum ya ɗora jiƙaƙƙun kaya a keke, ya shanya a can, ya tsaya gadi, ga awaki, ga iska, ga masu dogon hannu. Gida goma sha ɗaya suka tsaya masa, abinci bai yanke ba. Amma mai korar akuya ba ya buɗe littafi. Jarrabawar ta zo ya rubuta, bai ci ba, shekara biyun kuma suka cika.

Makon jiya na leƙa da safe karɓar kaya. Yana kwance igiyoyin tsakar gida yana naɗewa a gwiwar hannu. Littattafan na cikin bahon da ya huje, an rufe su da buhu. Inna na kan kujerarta jikin bangon yamma, ta miƙe ƙafafu cikin inuwa.

Ya ce, "Inna, in mai da ke ɗaki kafin in fita?"

"Bar ni nan," in ji ta. "Ko da ranar za ta zo, a samu mai gaya maka."