Shekarar da Aka So Binne Kifinmu

Lokacin kaka ne, ruwa ya fara janyewa daga fadamar Haɗeja, shekarar kuwa ta zo da albarka. Turawa ba su tafi ba tukuna. Maigidana masunci ne, ni nake yi masa banda. Kifi ya cika mana kwanduna, kuma shi ne abin miyarmu har damina.

Sai wani falke ya dawo daga Ikko da labari. Wai Turawa suna zuba dattin bam ɗinsu cikin teku a gangunan ƙarfe, gubar tana shiga kifi. Ba ta da wari, ba ta da ɗanɗano, wuta ma ba ta kashe ta.

Surukata, wadda muke kira Iya, tana jin haka ta ce a haƙa rami a binne kifin duka.

"Ruwa ai duk ɗaya ne," in ji ta. "Ba za a kashe mini jikoki ba."

Maigida bai taɓa yi mata musu ba. Ya ɗauko fartanya, idonsa jawur. Na ce, "Iya, ki yi mini haƙurin wuni ɗaya."

Lokacin ina ajin yaƙi da jahilci. Na je wurin malamarmu, ta nemo mini jaridar da ta kawo labarin, da taswira. Da la'asar na durƙusa gaban Iya na karanta, ina bin baƙaƙen da yatsa. Batun gangunan gaskiya ne, ban ɓoye mata ba. Amma tekun yana can wajen ƙasashen Turawa.

"Takarda ce za ta koya mini ruwa, 'yar nan? Yaushe kika iya rubuta sunanki?"

"Bara, Iya."

Na juya wajen maigida na ce, "Malam, in goranka na kamun kifi ya kuɓuce maka a kogi, ina yake nufa?"

"Gabas mana. Ya bi ta Gashuwa, in ba a tsince shi ba sai tafkin Chadi."

"To Iya, ke a bakin Chadi aka haife ki. Ta ina yake haɗuwa da teku?"

Iya ta ce mahaifinta ya kewaye shi da shanu tun yana saurayi, bai taɓa cewa ya ga teku ba. Ta karɓi taswirar a juye, ta ce in nuna mata garinsu. Babu shi a ciki, amma na ɗora yatsarta a kan tafkin.

"Su kuma masuntan can fa, me za su ci?" in ji ta.

Ta yi musu addu'a, sannan ta harari ɗanta.

"Kai kuma ajiye fartanyar nan, ka tsaya kamar mai haƙa kabari."

Washegari da sassafe na ɗora miyar tarwaɗa. Na fara ci a gaban yara, sannan na kai wa Iya kwanonta da hannu biyu.