Zanen Illa a Bangon Gidan Likita

Cikin shekarun da na yi ina koyar da zane a kwalejin Buza, ranar da ba ta fita raina ba ita ce ranar da aka aike ni in yanke hukunci a kan wani bango. Ina ba ku labarin ne ku da kuka shigo aikin nan kwanan baya, don wata rana za a kira ɗayanku a ce ya faɗi ko zane ya yi kyau, kuma amsar ba za ta tsaya cikin aji ba.

Lokacin kaka ne, an gama yankan hatsi. Sufeton makarantu ya kira ni ofishinsa, ya ce wani poroje, wato shirin tallafi, na lafiyar mata ya biya a yi zane a bangon gidan likita na wani ƙauye wajen Babankatami, an gama, amma rigima ta tashi. Mutanen gari suna so a shafe, mai zanen ya ƙi. A ƙa'ida, kafin a karɓi irin wannan aiki sai wanda ya san fannin ya duba ya ba da ra'ayi, ni kuwa a lokacin ni kaɗai ne malamin zane a yankin.

Na hau moto da safe. Wadda ta tarbe ni Madam Rabi ce, majo ɗin wurin, wato babbar ma'aikaciyar jinya da ke riƙe da gidan likitan. Bayan gaisuwa ba ta yi dogon bayani ba, ta kira ni Mushe, yadda ake kiran malamin makaranta a nan.

"Mushe, ni ban san zane ba," in ji ta. "Abin da nis sani, tun da anka yi wanga abu mata sun rage zuwa awo. Waɗanda ka zuwa, ta bayan ɗaki suka zagayowa."

Zanen yana jikin bangon rumfar da masu juna biyu ke zama suna jiran layi. Abin da poroje ya nema kuwa shi ne hoton da zai gargaɗi mutane kada a bar mace tana naƙuda a gida har lokaci ya ƙure.

Na bi hanyar da nake koya wa ɗalibai. Kafin ka ce abu ya yi ko bai yi ba, fara faɗin abin da ke gabanka. Amalanke ce ta jaki tana hawan tudu, an kwantar da mace a kai. Wani namiji yana jan jakin, ba a ganin fuskarsa, sai bayansa da wuyansa da ya miƙe fiye da na mutum. Can sama a kusurwar dama ga gidan likita, ƙarami kamar kwalin ashana.

Sannan na duba yadda aka shirya shi. Babu miƙaƙƙen layi ko ɗaya a bangon. Hanya ta murɗe kamar igiyar guga, ƙafar amalanken ba zagayayya ba ce, ko ƙasar ma karkace take, har mai kallo ya ji kamar matar za ta zamo ta faɗo masa. Sama ja ce irin jan duwatsun Adar, ba gajimare, ba inuwa. Fuskar matar kore ce mai duhu, kamar ganyen albasa da ya kwana biyu a rana. Bakinta a rufe yake gam. Hannunta da ya damƙi katakon amalanke ya kai girman ƙirjinta duka, kuma a wurin nan fenti ya yi kauri, ana ganin sawun yatsu, alamar mai zanen ya ajiye buroshi ya shafa da hannu. Fari guda ne kawai a zanen, shi ne ɗan gidan likitan nan. Duk inda ido ya fara sai ya ƙare a kansa, kuma sai ya ga nisansa.

Irin wannan salo mun karanta shi a Yamai, sunansa ekspiresiyonisim. Mai yinsa ba kamannin abu yake bi ba, yadda abin yake a zuciya yake bi. Idan tsoro ya sa hanya ta yi tsawo, sai ya tsawaita ta. Idan duk ƙarfin mutum ya koma hannunsa, sai ya girmama hannun. A littafi na san salon, ban taɓa ganinsa a bangon ƙasarmu ba sai ranar.

Ina tsaye aka kira mai zanen. Sunansa Illa, magidanci ne mai kusan shekaruna, sana'arsa rubuta allunan shaguna da yi wa manyan motoci ado a tashar Buza. Bai yi lakkwal, wato boko, mai nisa ba, bai kuma taɓa jin sunan salon ba. Na tambaye shi dalilin koren fuskar.

"Haka nig gane ta," in ji shi. "Ƙanwata ce. Kowa nan ya san zancen. Da damina munka ɗauko ta, kori ya cika da ruwa ya tare hanya, munka tsaya jira. Ni na wancan da ka jan jakin."

"Don mi ba ka yi mishi huska ba?"

"Ban iya waiwayawa ba, Mushe. Har munka iso ban waiwaya ba."

Ta rasu kafin su kai. Ya faɗi haka ba tare da muryarsa ta canza ba, sannan ya tambaye ni abin da ya dame shi. An ce a gari bai iya zane ba, an ce hannu ya fi kai, mutum ya zama kore. Masu motoci sun fara jin labari. Yana so in faɗa gaban kowa ko aikin banza ne.

Kafin in amsa na nemi in ji daga bakin matan. Madam Rabi ta kira wata da ta zo awo, mai suna Hajo, cikinta ya tsufa. Ta tsaya ta ba bangon baya.

"Ba mu ce bai iya ba," in ji ta. "Amma ni da cikin ga, in zamna tun sahe ina kallon gawa? Tsohinmu sun ce abin da mai ciki ta cika kallo shina bin ɗan. Kuma wa ad da amalanke? Mu? In maigida bai ce a tahi ba, wa ka tahiya?"

Da azahar aka taru a ƙofar maigari, da ƴan komiten lafiya da wakilin poroje. Na ce ra'ayina kashi biyu ne, a bar ni in gama. Na farko, zanen ba kuskure ba ne. Na bi musu shi gaɓa gaɓa, girman hannun, karkatar hanyar, ƙanƙantar gidan likitan, na ce kowanne da gangan aka yi, kuma ban ga aikin da ya kai shi ba a yankin nan. Na biyu, ina ba da shawarar a shafe shi.

Illa ya ɗago kai. "Kai kac ce ya yi kyau."

"Ya yi. Shi ya sa ba ya zama nan. An so ya tsorata mai jinkiri, to ya tsorata, amma waɗanda ka zama gabanshi su ne waɗanda sunka riga sunka zo."

Madam Rabi ce ta kawo mafita. Ta ce tana zagaya ƙauyuka tana taron faɗakarwa da magidanta, kuma hotunan da ake ba ta ba mai kallonsu sau biyu. Idan Illa zai sake yin zanen a kan yadi, yadda za ta naɗe ta ɗaura a moto, tana so. Wakilin poroje ya amince. Aka shafa fatiha. Da aka watse Illa ya ce sharaɗinsa guda, kada wani ya taɓa bangon, shi zai shafe da hannunsa. Washegari ya shafe shi da farar ƙasa. Ban je ba.

Na ga na yadin bayan wasu makonni. Ya yi kyau, amma bai kai na bangon ba, hannun ya ragu, jan ya yi sanyi. Na gaya masa, ya ce ya sani, abin ba ya fitowa sau biyu. A bangon kuwa ya zana uwa tana murmushi da jariri a goye, irin wadda ake gani ko'ina, mata suka dawo rumfarsu. Madam Rabi ta ce mini in ta warware yadin a taron maza, surutu yakan tsaya, wani lokaci wani ya tambayi wane ne mai jan jakin. Ko hakan ya sa wani ya ɗaura jaki da wuri, ban sani ba, ita ma ba ta ce ta sani ba. Illa ya ci gaba da adon motoci, kuma ban ji an sake cewa bai iya ba.

Abin da na ɗauka daga wannan aiki shi ne, karatun zane ba ya ƙarewa a launi da layi. Bayan ka gama faɗin abin da ke jikin bango da abin da yake sa zuciya ta ji, saura ka tambayi wa zai zauna gabansa kullum, kuma da wane hali ya zo. Sannan in za ka ce a cire aikin mutum, ka fara faɗin darajarsa da babbar murya a gaban waɗanda suka kushe shi. Mai sana'a yana iya jure a shafe aikinsa. Abin da ba ya jurewa shi ne a shafe shi a kan cewa bai san abin da yake yi ba.