Kunnen Halliru Magini

Halliru magini ya shekara arba'in yana taka jar ƙasa a Wudil kafin bulo da siminti su rage masa kasuwa. Rabin ɗakunan lungunmu, nan gangaren kogi, aikin hannunsa ne. Ni maƙwabcinsa ne, katanga ɗaya ta raba mu, kuma ba zan ɓoye ba, mutumin akwai taurin kai. Ka ce masa gini ya karkace, sai ya ce idonka ne ya karkace.

Babbar taƙamarsa kunne. Ƙotar gatari yake ɗauka ya bi bango yana ƙwanƙwasawa. Busasshen bango yakan amsa garau, wanda ruwa ya ci cikinsa kuwa sai ka ji sautin ya mutu, kamar an daki buhun gari. Kafin kowace damina mutane kan kira shi ya saurari ɗakunansu, shi zai ce a kwana ko a yi gyara.

Shekara uku da suka wuce, cikin marka, ɗakin 'yarsa Mas'uda ya rufta a Kausani, inda take aure. Ita ba ta fita ba. 'Yarta Barakatu, mai shekara shida, aka zaro daga ƙarƙashin azara da sauran numfashi. Bayan sadakar bakwai Halliru ya ɗauko yarinyar.

Yarinya ta ƙi barci. Da an idar da isha'i ta ga an shimfiɗa tabarma, sai ta toge a bakin ƙofa tana kallon rufi. Kakarta Hansai ta yi tofi, ta yi lallashi, ta yi faɗa, duk a banza. Rannan Halliru ya fere mata ɗan guntun itace ya miƙa mata.

"Amarya, zo nan," in ji shi, don haka yake tsokanar jikar tasa. "Kin auri magini kina tsoron ɗaki? Zo ki ji abin da bango yake cewa."

Daga ranar, kullum kafin kwanciya sai sun zaga ɗakin, kusurwa huɗu, shi ya buga ita ta buga. Ta katanga nake jin su. Ƙwanƙwasa, sannan muryarsa: "Lafiya lau, je ki kwanta." Da farko abin ya ishe ni, har na yi wa matata mita. Daga baya ni ma sai na ji sun gama nake rufe ƙofa. Barakatu ta koma barci, har ta yi kumatu.

Bana, bayan ruwan kwana uku, sai na ji bugun ya tsaya a tsakiya. Can sai ga sallamarsa.

"Malam Tasi'u, don Allah zo ka raba ni da amaryar nan. Wai bangon gabas ya canza murya."

Na bi shi. Ya ɗaga ƙota ya buga, yana murmushi. Ni tela ne, ban san komai a gini ba, amma na ji sautin a mace.

"Ka ji ko? Garau," in ji shi.

Barakatu ce ta matso ta riƙe masa hannun riga.

"Kaka, ya jiƙe. Jiya ma na faɗa maka, ba ka juyo ba."

Ya tsuguna ya danna babban yatsa a gindin bangon. Yatsan ya nutse har gaɓa. Ya daɗe a tsugune, sannan ya ja jiki ya zauna kan turmi. Ban taɓa jin tausayin mutum kamar yadda na ji nasa a lokacin ba.

"Malam Tasi'u," ya ce, "sati biyu kafin ɗakin Kausani ya faɗi, Mas'uda ta aiko na je. Na buga. Na ce mata ta kwana."

A ganinsa raɗa yake yi mini. Amma mai ciwon kunne bai san ƙarfin muryarsa ba, kuma yarinyar tana tsaye a gefensa. Ba ta yi kuka ba. Ta sunkuya ta ɗauki ƙotar da ya yar, ta jingine ta a bango.

A zaure suka riƙa kwana har damina ta wuce, aka rushe bangon aka tayar da sabo. Halliru bai ƙara zuwa sauraron ɗakin kowa ba, ko an aiko sai ya ce ba ya jin daɗi.

Zagayen dai ba a daina ba. Yanzu Barakatu ce ke bugawa, shi yana biye da ita da fitila yana kallon bakinta. Ta katanga nakan ji ta ce, "Lafiya lau, Kaka, je ka kwanta." Takan faɗa sau biyu, wani lokaci sau uku. Hansai ta gaya wa matata cewa yarinyar tana barcinta. Shi ne yake tsayawa a bakin ƙofa yana kallon rufi.