Akwatin Buba da Ya Shiga Cikin Mata

Shekara bakwai ke nan da aka kai ƙanena Buba mai jita makwancinsa, kuma har yau in na shiga sabga a Gombe, kafin a tambayi gwiwata da ke ciwo sai an tambayi akwatinsa. Ni Dija zabiya, da na yi zamani ina tayar da matan Dawaki daga kan tabarma da baki kawai, yau ni ce "yayar mai akwati". Ban yi boko ba. Faɗa nake ana rubutawa, kuma na ce kada a gyara min komai.

Ga wanda bai riske mu ba, ga yadda muke aiki. Ranar wuni ni ke cikin gida tsakiyar mata ina waƙa. Buba namiji ne, ba ya wuce zaure. Can yake zama da jitarsa, sautin ya ratso katanga ya iso mana a gajiye. Ni hakan ya yi min daidai. Shi bai yi masa ba. Ya sayi amfilifaya ta kasuwa, akwatin nan mai ƙara wa kiɗa sauti, ta riƙa ƙara kamar an taka wutsiyar kyanwa, ya yar da ita. Yakan ce min, "Adda, ni kaɗai nake jin kaina."

Sai ya ji labarin Ba Modu, wani Babarbare da fitina ta koro daga Borno, ya kama ɗan shago a Barunde yana gyaran rediyo. Mutumin yana haɗa amfilifaya da hannunsa, ɗaya bayan ɗaya, har katakon shi yake yankawa. Ba ya ajiye ta sayarwa. Sai ka je da abin kiɗanka ka zauna ka buga, ya rufe ido ya saurara, ya ce ka dawo. Buba ya sayar da babur ɗinsa, damina guda yana takawa Barunde a ƙasa. Yaron da na goya a bayana, wanda ba ya sayen hula sai ya nuna min, ya koma ba shi da zance sai "Ba Modu ya ce". Rannan ya zo min da saƙo, wai Ba Modu na roƙon in je in yi waƙa ya ji. Na ce, "Koma ka gaya masa muryata ba rediyo ba ce da za a kai shago."

Abin da aka kawo bai fi kwandon goro ba, an lulluɓe shi da jar fata, ga waya doguwa da za ta kai daga zaure har tsakar gida. Dabarar ke nan: Buba ya tsaya a waje, akwati ya shiga cikin mata. Wani biki a Manawashi muka fara gwada shi. Aka kife turmi aka ɗora shi a gefena. Da Buba ya taɓa jita daga zaure, gidan ya yi tsit. Sauti ne mai kauri, mai ɗumi, ba ya huda kunne, a ƙirji kake jin sa. Na ɗauki waƙa. Sai ga gwaggon ango ta taso da rawa, sababbin kuɗi a hannu. Na gyara goshi. Matar nan ta wuce ni ta liƙa wa akwati. Sauran suka biyo ta. Har wata ta cire ɗankwalinta ta ɗaura masa.

Da muka fito Buba ya tare ni, fuska kamar an yi masa haihuwa. "Adda, kin ji?"

Na ce, "Na ji. Gobe sai ka saya masa zani ya yi waƙar ma."

Ya yi dariya har da tari. Ni ban yi ba.

Yanzu biki ya bar gida ya koma ɗakin taro, maza da mata wuri ɗaya, yaro ya danna waya lasifika kamar rumbu ta girgiza bango. Nakan ce da Buba na nan, da ya toshe kunne ya ce an cika gari da ƙara ba mai saurare. Amma na san ƙanena. Da ya so a ce ko sau ɗaya matan da ke taka kiɗansa sun ga hannun da ke yin sa.

Tun rasuwarsa akwatin na ɗakina. Kwanan nan ɗansa Sadiƙu, wanda ya gaji yatsun uban, ya zo ya durƙusa. "Goggo, ki ba ni aronsa. Akwai wata Zainabu da ke waƙa, an ɗauke mu biki." Ya kunna min ita a waya. Yarinyar na da murya, ba zan yi ƙarya ba, shi ya sa ban so ta ba. Na ce sai an duba lafiyar akwatin, kuma ba ya fita sai da ni. Haka na hau keke napep na taka shagon Barunde a karon farko.

Mu Fulani ba ma gaida Babarbare da daɗi. Na ce, "Kai ne bawan nawa da ya sace min ƙane?"

Ya ce, "Bafulatana, yau kin gaji da bin shanu kin zo gaida ubangidanki?"

Ya jona akwatin, Sadiƙu ya buga, aka kunna muryar Zainabu a kai. Tsohon ya girgiza kai. Ya ce, "Hajiya, da muryarki aka auna wannan. Da kika ƙi zuwa, Buba ya riƙa kai ni bayan katangar gidajen biki ina tsayawa ina jin ki. Cewa ya yi in haɗa masa abin da zai zauna ƙarƙashin muryar Adda. Ta yarinyar nan siririya ce, haɗiye ta zai yi. In kin yarda in buɗe shi in sauya."

Kuna tsammanin daɗi na ji? Na ji, amma kaɗan. Shekaru muna cin tuwo kwano ɗaya da Buba, bai taɓa furta min wannan ba, sai ga baƙo a shagon rediyo. Har a sanin cikin ƙanena ma Ba Modu ya riga ni.

Buba bai bar bene ba, bai bar gona ba. Ya bar ɗa mai hannu, ya bar ɗan akwati da har yanzu yake ajiye wuri ga muryar da tsufa ya riga ya karɓe min. Wannan wurin nawa ne. Na ce, "Ba za a buɗe ba. Ku ɗauke shi yadda yake. In ta iya hawa kansa ta hau. In ya haɗiye ta, ta koma gida ta ƙara cin tuwo."

Sadiƙu ya ce ba ni da tausayi. An ce Zainabu kullum tana bayan gidansu tana faɗaɗa maƙogwaro, biki kuwa ya matso.

Allah ya jiƙanka, Buba, ya sa kana cikin rahama. Ina yi wa yarinyar addu'a ta iya. Amma kai ba zan ɓoye maka ba: baki ne ke roƙon, zuciya ba ta ce amin ba tukuna.